Bindigar Buga Ƙusa: Abin da Kafinta da Ɗan Kasuwa Za Su Duba Kafin Saye a Iyakar Jibiya

Shekaru aru-aru guduma ce abokiyar aikin kafinta, kuma har gobe ba a rabu da ita ba. Sai dai a 'yan shekarun nan wata na'ura ta fara shiga hannun masu aikin katako a biranen Arewa da kudancin Nijar, wadda wasu ke kira bindigar ƙusa, wasu kuma injin buga ƙusa. Ƙusar da guduma za ta yi wa duka huɗu ko biyar, ita da harbi ɗaya take nutsar da ita cikin katako. Wannan sauri ne ke jan hankalin kafintoci masu karɓar kwangilar rufi, da 'yan kasuwar da ke tunanin saro ta, da kuma ma'aikatan gwamnati da ke neman jarin da za su damƙa wa ɗa ko ƙane da ya gama koyon sana'a.

Amma kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma kuskure wajen zaɓenta yana da tsada ta fuska uku. Ko dai ta zama kayan ajiya saboda an rasa ƙusarta, ko ta raunata mai aiki da ita, ko kuma ta yi rufin da iskar farkon damina za ta kwashe. A gari irin Jibiya, inda kaya ke shigowa ta ɓangarori biyu, daga Kano da Katsina ta nan, daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Magama ta can, mai saye yana da zaɓi da yawa, kuma hanyoyin yin kuskure ma suna da yawa.

Wace ce ta aikin rufi?

Ba kowace bindigar ƙusa ce ke yin aikin rufi ba. Waɗanda aka fi gani a shagunan masu kujeru da gadaje, masu lamba F30 ko F50, siririyar ƙusa suke harbawa, wadda tsawonta bai wuce milimita 30 ko 50 ba, wadda kanta ɗan mitsitsi ne. Aikinsu manna falanki maras kauri da kayan ado ne, ba su da ƙarfin riƙe ginshiƙin rufi.

Wadda ake magana a kanta a nan ita ce babbar, mai harba ƙusa daga inci 2 zuwa inci 3 da rabi, wato milimita 50 zuwa 90, mai kauri daga kimanin milimita 2.8 zuwa 3.8. Da ita ake haɗa ƙashin rufi, da katakon silin, da akwatunan kaya, da katakon da ake kafawa domin zuba kankare. Irin wannan na'ura mai aiki da iska ta fara yaɗuwa ne a Amurka tun shekarun 1950, inda ake gina yawancin gidaje da katako tun daga bango har rufi.

Akwai ayyuka biyu da ba ta yi, kuma ya kamata mai saye ya san su tun kafin ya biya kuɗi. Ba ta buga ƙusar kwano mai hula, ba ta kuma buga ƙusa a cikin kankare ko bulo. Ƙusar kwano dai sai guduma, ko kuma a ɗaure shi da sukurori. Duk mai shagon da ya ce na'ura ɗaya za ta yi duka waɗannan ayyuka, to ko bai san kayansa ba, ko kuma yana son ya rabu da su ne.

Iri uku: iska, gas da batir

Ta farko ita ce mai aiki da iska. Ana haɗa ta da injin matsa iska, wato kwamfaresa irin na masu faci, ta hanyar tiyo. Yawancinsu suna aiki ne da ƙarfin iska tsakanin PSI 70 da 120, daidai da ba 5 zuwa 8 a ma'aunin da ake amfani da shi a kayan Turai. Nauyinta bai cika wuce kilo huɗu ba. Cikinta ba shi da sarƙaƙiya: fistin ne, da sandar da ke tura ƙusa, da zobban roba masu tare iska. Saboda haka ita ce mafi sauƙin gyara kuma mafi juriyar wahala. Cikas ɗinta shi ne dole a ɗauki kwamfaresa da janareta zuwa wurin aiki, kuma tiyo yana iya harɗe ƙafar wanda ke saman rufi.

Ta biyu ita ce mai gas. Kamfanin Paslode na Amurka ne ya fito da ita a 1986. Ana sanya mata ɗan gwangwanin gas da ƙaramin batir, tartsatsi ya kunna gas ɗin, fashewar ta tura ƙusa. Ba ta buƙatar tiyo, amma gwangwani ɗaya ƙusa kimanin 1,000 yake bugawa, yana da ranar lalacewa da aka rubuta a jikinsa, kuma masu ƙera shi sun hana a bar shi a zafin da ya kai digiri 50. Wanda ya san yadda cikin mota ko saman kwano ke ɗaukar zafi a watan Afrilu a Katsina ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Gas ɗin kuma na musamman ne, ba a ɗura mata na girki.

Ta uku ita ce mai batir zalla, yawanci mai ƙarfin volt 18. DeWalt, Milwaukee, Makita da HiKOKI duk suna yin ta. Ba tiyo, ba gas, sai dai ta fi sauran nauyi, sau da yawa takan haura kilo huɗu, ta kuma fi tsada. Idan allon lantarkinta ya ƙone, da wuya a sami mai gyara a kusa. Tana buƙatar batir biyu aƙalla, ɗaya na aiki ɗaya na caji.

Ga kafintan da ke aiki kullum a yankin Jibiya da kewaye, mai iska ce ta fi dacewa da halin da ake ciki, saboda sauƙin gyaranta. Mai batir ta fi amfani ga mai ƙananan gyare-gyare a wurare daban-daban. Mai gas kuwa, sai wanda ya tabbatar da inda zai riƙa samun gwangwaninta ba yankewa.

A nemi ƙusar kafin a nemi bindigar

Wannan shi ne ginshiƙin zancen baki ɗaya. Na'urar ba ta cin ƙusar da ake aunawa a sikeli a kasuwa. Tata ƙusar a jere take zuwa, an manne ta da roba, ko takarda, ko siririyar waya, kuma an karkata jerin a kan wani ma'auni na digiri da ya dace da gidan ƙusar na'urar. Akwai mai digiri 21, wadda aka jera da roba, mai cikakken kai zagayayye. Akwai mai digiri 28 ta waya. Akwai mai digiri 30 zuwa 34 ta takarda, wadda sau da yawa ake gutsure gefen kanta domin ƙusoshin su matsu da juna. Sai kuma mai digiri 15 wadda ke zuwa a nannaɗe kamar gammo. Ƙusar digiri 21 ba ta shiga na'urar digiri 34, kuma in an tilasta mata sai ta sarƙe.

Bambancin yana shafar saurin aiki. Na'ura mai dogon gida takan ɗauki ƙusa kimanin 60 zuwa 80, mai gammo kuwa 200 zuwa 300. A ɗauka aiki yana buƙatar ƙusa 3,000: mai ɗaukar 60 sai an ɗura mata sau 50, mai ɗaukar 250 kuwa sau 12 kacal, ko da yake ta fi nauyi a hannu. Jerin takarda yana lalacewa idan ya sha danshin damina, na roba kuma yana watsa ɓarɓashi da ke iya shiga ido.

Tarihin iyakar Jibiya kansa ya isa darasi a nan. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a watan Agustan 2019, kuma ko da aka buɗe wasu a Disambar 2020, ta Jibiya ba ta samu shiga ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufe ta, har zuwa Maris ɗin 2024. Kafintan da ƙusar na'urarsa daga Maraɗi kaɗai take zuwa, a irin waɗannan lokuta sai dai ya rataye ta ya koma ga guduma. Saboda haka a zaɓi na'urar da ake samun ƙusarta a wurare biyu aƙalla, ɗaya a wannan ɓangare, misali a Katsina ko a kasuwannin kayan gini na Kano irin su Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Mai saye ya je da ƙafarsa ya ga kwalin ƙusar, ya tambayi farashi, ya kuma ji ko ana kawo ta a kai a kai. Gani ya kori ji.

A lura kuma da ma'auni. A Najeriya da inci ake kiran ƙusa, a Nijar da milimita. Inci 3 shi ne milimita 75, inci 3 da rabi kuma milimita 90.

Tsawon ƙusa da taurin katako

Kafintocinmu sun saba haɗa katakon tu-bai-fo da ƙusa mai inci 4, wani lokaci har inci 5. Yawancin waɗannan na'urori kuwa a inci 3 da rabi suke tsayawa. Ban da haka, ƙusar na'ura ta fi ta guduma siranta: mai inci 3 da rabi ta na'ura takan kasance milimita 3.3, alhali takwararta ta guduma a ma'aunin Amurka ta ɗan haura milimita 4. Ma'anar wannan ita ce ba a musanya ƙusa ɗaya da ɗaya. A manyan gaɓoɓin rufi, ko dai a ƙara yawan ƙusa, ko a yi amfani da mai zobba a jiki wadda ta fi riƙo, ko a koma ga guduma da doguwar ƙusa. Ɗaure rufi da bango da langalanga ko rodi kuma yana nan daram, domin iska ba ta tambayar da me aka buga ƙusa. Mai gida da ya ba da aikin rufi yana da haƙƙin ya tambayi kafinta tsawon ƙusar da aka sa da yawanta a kowace gaɓa.

Sai batun katako. An ƙera waɗannan na'urori ne da tunanin katako mai laushi na ƙasashen sanyi. Katakon da ake kawowa Arewa daga dazukan Kudu kuwa iri-iri ne: akwai mai laushi kamar obeche da malaina, akwai mai tauri kamar iroko da maɗaci, kuma busasshiyar iskar hunturu tana ƙara masa tauri. Na'ura maras ƙarfi takan bar kan ƙusa a waje, ko ƙusar ta lanƙwashe. Maganin wannan shi ne gwaji. A tafi shago da guntun katako mafi tauri da ake aiki da shi, a harba ƙusa mafi tsawo sau ashirin a jere. Idan duk sun nutse daidai, babu wadda ta sarƙe, to na'urar ta ci jarrabawar farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A tabbata kuma tana da maɓallin daidaita zurfin ƙusa, domin ƙusar da ta nutse fiye da kima tana raunana riƙo kamar yadda wadda ta tsaya a waje take yi.

Wuta, janareta da caja

Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Nijar ma kusan haka, sai dai bakin soket ɗin ya bambanta: namu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, nasu mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa. Wannan ƙaramar matsala ce da adafta ke warwarewa. Babbar matsalar ita ce kayan da aka yi domin kasuwar Amurka, inda wuta take volt 120. Caja ko kwamfaresa irin wannan, in aka jona shi kai tsaye, nan take zai ƙone. A karanta rubutun da ke jikinsa kafin a biya. Batirin DeWalt da aka rubuta wa 20V Max a Amurka shi ne mai volt 18 a Turai, ƙarfinsu ɗaya, don haka kada lambar ta ruɗi kowa.

Ga na'ura ɗaya, kwamfaresa mai tankin lita 24 zuwa 50 ya wadatar. Amma injinsa yana jan wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janaretan kunna fitila da fanka ba ya iya tayar da shi. Duk wanda zai yi lissafin jari, ya haɗa da kwamfaresa, da tiyo mai faɗin milimita 10, da janareta mai ƙarfi, da man da zai sha a yini. Idan wurin aiki yana da nisa, a ƙara tsawon tiyo maimakon tsawon wayar lantarki, domin doguwar siririyar waya tana rage ƙarfin wuta ta ƙona inji.

Kunama da lafiyar mai aiki

Ba banza aka kira ta bindiga ba. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa tsakanin 2001 da 2005 mutum kimanin 37,000 ne ke zuwa sashen gaggawa na asibitoci a kowace shekara saboda raunin wannan na'ura. Mafi yawan raunukan a hannu da yatsu ne, amma akan samu a ido, da gwiwa, har da ƙoƙon kai.

Kunamarta iri biyu ce. A ta farko, dole a danna hancin na'urar a jikin katako tukuna, sannan a ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita, sai an saki an sake kafin wata ta fito. A ta biyu, ana riƙe kunama a danne, duk abin da hancin ya dungura sai ƙusa ta fita, ko katako ne ko ƙafar yaron aiki. Jagoran da hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, suka fitar a 2011 ya nuna cewa haɗarin rauni da ta biyun ya ninka na ta farko sau biyu. Don haka a sayi mai kunama ɗaya bayan ɗaya, ko wadda ake iya juya ta zuwa haka, musamman a shagon da ke da yara masu koyo.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar riƙewa. A sa gilashin kare ido da abin toshe kunne. Hannun da ke riƙe katako ya yi nisan santimita 30 daga inda ƙusa za ta shiga, domin takan ci karo da gaɓar itace ta karkace ta ɓullo ta gefe. A cire tiyo ko batir kafin a taɓa ƙusar da ta sarƙe, da kuma kafin a miƙa wa wani na'urar ko a hau tsani. Kada a ɗaure hancin tsaro da waya don neman sauri. Sai gargaɗi mafi girma: kada a kuskura a haɗa ta da tukunyar iskar oksijin ta masu walda a madadin kwamfaresa. Oksijin da mai idan suka haɗu a matse fashewa suke yi. Wanda ƙusa ta shige shi kuma, kada a zare ta a wurin aiki, a kai shi asibiti, a kuma yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki da ake kira tetanus.

Suna, jabu da gwanjo

Sunayen da suka daɗe a wannan fage sun haɗa da Bostitch, Paslode, Senco da DeWalt na Amurka, da Makita da Max na Japan. Kayan aikin Hitachi sun koma amsa sunan HiKOKI tun 2018, a Arewacin Amurka kuma Metabo HPT, saboda haka sabuwar na'ura fil da aka ce an ƙera bana amma tana ɗauke da tsohon sunan abin a tsaya a bincika ne. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi na ƙasar Sin, irin su Ingco da Total, waɗanda suka yaɗu a kasuwanninmu. Suna kaɗai ba ya wadatarwa: na'urar da ake samun zobban robarta da sandar tura ƙusarta a Kano ta fi wadda ta yi suna a duniya amma sai an yi odar kayan gyaranta daga waje.

Alamun jabu sun haɗa da rubutu mai kurakurai, da rashin lambar ƙira a jiki, da rashin littafin bayani, da farashin da ya faɗi ƙasa warwas. Araha ba ta ado. A nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, a kuma rubuta wa'adin garanti a kai.

Ta gwanjo mai iska tana iya yin ƙarko idan an duba ta da kyau. A haɗa ta da iska a saurara: idan tana huci ba a taɓa ta ba, zobbanta sun mutu. A duba bakin sandar ko ya gutsure, da jikinta ko ya tsage, da hancin tsaro ko yana komawa da kansa. Ta gwanjo mai batir kuwa caca ce, domin kuɗin sabon batir da caja kan kusa kai kuɗin na'urar.

Wajen tsallako iyaka

Mai sayowa daga Maraɗi ya lissafa canjin sefa da naira na ranar, da kuɗin fito, da na mota, kafin ya yanke cewa can ya fi araha, musamman tun da darajar naira ta sauya sosai daga Yunin 2023. Ya bi ta ofishin Kwastam da ke Magama ya bayyana kayansa. Ɗan kasuwar da zai shigo da su da yawa ya nemi bayani kan shaidar ingancin kaya ta SONCAP, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ke kula da ita.

Yanayin tsaron yankin ma yana buƙatar hattara. Hanyar Katsina zuwa Jibiya tana da shingayen jami'ai da dama, kuma kalmar bindiga ba ta da daɗin ji a bakin shinge. A bar na'urar cikin kwalinta tare da rasit da littafinta, a kuma kira ta injin buga ƙusa. Akwai wani nau'i na daban mai harba ƙusa cikin kankare da ƙaramin harsashin albarushi. Wannan ba ta aikin katako ba ce, kuma kada a ɗauko ta sai an nemi bayanin hukuma.

Kulawa

Ƙura ce babbar abokiyar gabar wannan na'ura. A ɗiga mata man na'urorin iska ɗigo uku zuwa biyar a mashigar iska kowace safiya, ba baƙin man mota ba, domin yana cinye roba. A zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfaresa kowace yamma. A wanke matatar iska a kai a kai a lokacin hunturu, a rufe bakin tiyo kada yashi ya shiga, batir kuma a ajiye shi a inuwa.

Wa ya kamata ya saya?

Kafintan da ke samun rufi ɗaya a wata biyu, guduma ta ishe shi. Wanda ke da aiki a jere, ko yake haɗa akwatuna da yawa, ko yake harin kwangilolin da ake sa ran za su biyo bayan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai ratsa ta Jibiya, shi ne zai ga ribarta. Ya lissafa kwanakin aikin da za ta rage masa a kowane rufi, ya cire ƙarin kuɗin ƙusa da na mai. Abin da ya rage shi ne zai nuna masa rufi nawa zai yi kafin ta mayar da kuɗinta. Idan lissafin ya fita, ƙusarta tana samuwa a kusa, ta kuma ci jarrabawar katako mai tauri, to ya saya hankali kwance, amma kada ya jefar da gudumarsa.